Baba Ya Ƙi Allurar Insulin

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifina ya daɗe yana shan ƙwayar maganin ciwon suga, yanzu an ce ya koma allurar insulin. Ya ƙi sam. Wai duk wanda aka fara wa allura kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma jiki zai saba da ita. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan tsoron na sha jin sa a bakin dattawa, kuma yana damuna ƙwarai, domin yakan sa mutum ya jinkirta har ido ko ƙoda su lalace.

Ki fara gaya masa cewa insulin ba baƙon abu ba ne a jikinsa. Tun yana cikin mahaifiyarsa jikinsa ke yin sa. Yana cikin sinadaran da ake kira homon, 'yan aiken da wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini su kai saƙo wani sashen jiki. Insulin na fitowa ne daga wata gaɓa mai suna fankiriyas da ke kwance bayan tumbi, saƙonsa kuwa shi ne tsoka da kitse su karɓi suga daga jini, hanta kuma ta rage fitar da wanda ta adana.

A nau'i na biyu na ciwon, wanda fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shi ke da shi, jiki ne ke daina jin wannan saƙo sosai. Sai fankiriyas ta ƙara himma, ta yi ta ƙarawa shekara da shekaru har ta gaji. Ƙwaya irin metformin na taimakawa muddin akwai sauran insulin a jiki. Idan ya yi ƙaranci sosai, dole a cike gibin. Ba laifin Baba ba ne, haka ciwon ke tafiya. Ba a haɗiyar insulin kuwa saboda ciki zai narkar da shi kafin ya isa jini.

Zancen cewa allurar ce ke kashewa, ga inda ya samo asali: mutane kan ƙi ta sai jiki ya riga ya ɓaci, idan mai rabon tafiya ya tafi sai a ɗora wa allurar. Kafin masu bincike Banting da Best su samo insulin a Toronto ta Kanada a 1921, yaro mai nau'i na ɗaya na ciwon, wato wanda jikinsa ya daina yin insulin, da wuya ya daɗe a raye. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya farfaɗo ya ƙara shekara 13 a duniya.

Abin da ya kamata ku kiyaye shi ne sugan jinin Baba ya yi ƙasa da yawa, wato ƙasa da 70 a na'urar gwaji mai lissafin mg/dL. Idan ya yi allura bai ci abinci ba, zai iya fara gumi, rawar jiki, bugun zuciya ko ruɗewa. Nan take a ba shi abu mai zaƙi, amma idan ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. A riƙa sauya wurin allurar, a ajiye kwalbar wuri mai sanyi inda rana ba ta kaiwa. Ki raka shi ganin likitansa, a nuna muku yadda ake yi tare, ya riƙe allurar da hannunsa ya ga ƙanƙantarta.