Mai noti shida ko Center Lock?

Kai yaro, wai wane hob, wato cibiyar taya inda faifan birki ke zama, za ka ɗaura wa mai wanga keke, mai noti shida ko Center Lock? Ku yaran yanzu sai ku ga abu a waya ku ce shi ne yayi. Duba kasuwar Sakkwato tukuna. Faifan birki mai noti shida ko cikin gwanjo ka tona za ka samu, mai faɗin milimita 160 ko 180, makullinsa mai bakin tauraro, T25, kuwa yana nan cikin akwatina. Center Lock na Shimano ne: faifan ya hau haƙoran hob, zobe guda ya danne shi. Yana da saurin sawa, ban musa ba. Amma ran da zoben ya ɓace, ko babu makullinsa, sai aike Kano ko Legas.

Irinsa ne ya ja mini asara. Wani mai babbar riga ya kawo keken gwanjo, faifan gaba ya lanƙwashe, hob ɗin Center Lock. Na ce akwai mahaɗin da ake sawa faifai mai noti shida ya zauna a kai, kuɗi kaɗan. Ya ce shi ba ya hawan kwaskwarima, sai na asali. Da kuɗin aljihuna na aika Legas, faifai da zobe da makulli, har da kuɗin mota. Na ɗaura, birki na kamawa da yatsa ɗaya. Ya ce zai aiko yaro da kuɗi bayan La'asar.

Da ya waiwayo, faɗa ya zo yi, wai birki na kuka, ba ya tsayawa. Na shafa faifan, yatsana ya yi baƙi ƙirin. Baƙin mai ya zuba masa, wai ƙurar hunturu ta sa shi ƙara! Takalman birkin sun sha mai, sun mutu. A gaban mutane ya ce jabu na sa masa, ya tura kekensa ya tafi. Ga makullin can rataye, har yau bai mayar da kuɗinsa ba.

Mai wanga keke dai, sa masa hob mai noti shida. Kuma kada wani ya ruɗe ka, faifan Center Lock ba ya hawa wannan hob. Ɗaurin notin ba sai na koya maka ba, in ka bi su a jere faifan ya karkace, kai za ka biya.