Filin Manoma: Farin ƙuda ya hana tumatir sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina noman tumatir da kuɓewa a bakin kogi nan Mai Wurno, ƙasar Sudan. Bana farin ƙuda ya addabe ni, ganyen tumatir duk ya nannaɗe. Maganin feshi ya yi tsada, kuma ko na fesa, kwana kaɗan sun dawo. Maƙwabcina ya ce in koma takin dabbobi da darbejiya. Anya shuka za ta kai labari a haka?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Za ta kai, in Allah ya yarda, amma ba tsiron da ya riga ya nannaɗe ba. Wannan cuta ce da ƙudan ke ɗauka daga tsiro zuwa tsiro, kuma babu feshin da ke warkar da ita. Tuge su yau, ka fitar da su daga gonar ka binne.

Dawowar da ƙudan ke yi kuwa, tambayi dattawan da suka yi aikin auduga a Jazira, babban yankin noman rani na ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1970 feshi ya yi yawa a can, ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuma ya saba da gubar. Sai ya zama babban abokin gabar auduga, yana zuba mata danƙon da ya karya darajarta a kasuwa. Abin da ke faruwa a gonarka ke nan, a ƙaramin fili.

Maƙwabcinka yana da gaskiya kan darbejiya. A nan Sudan ne ma, a 1959, wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura fara ta cinye kowane ganye ta bar na darbejiya. Ƙarfin yana cikin ƙwallon, ganye bai kai shi ba. Tsinci 'ya'yan da suka nuna, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka ɓare ka daka. Giram 50 a kowace lita ta ruwa, ya kwana a jiƙe, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Fesa da la'asar sakaliya, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ka bi ƙarƙashin ganye, can ƙudan suke maƙalewa su yi ƙwai. Ka maimaita duk mako. Kada ka zaci za ka ga gawa washegari: hana su ci da girma yake yi, don haka masu gajen haƙuri kan ce ba ya aiki.

Batun taki, ni a ganina nan manomanmu suka fi kuskure. Ana zabga takin zamani na yuriya don ganye ya yi shar, ganye mai taushi da ruwa-ruwa kuwa shi ƙwari masu tsotsa ke so. Takin dabbobi da ya ruɓe sosai a hankali yake ciyar da shuka, kuma yana taimaka wa ƙasa riƙe laima idan zafi ya tsananta. Ɗanye dai kada ka sa, yana ƙona saiwa. Ka shimfiɗa kara ko busasshiyar ciyawa a gindin tumatir.

Sai dai kada ka juya gonar duka a shekara ɗaya. Gwada a kadada biyu ko uku ka kwatanta da sauran. Baɗi kuma ka rufe gadon renon da gidan sauro tun daga tsirowa, don yawanci tun a can cutar ke kama tsiron, kuma ka nisanta shi da tsohuwar kuɓewa.