Marsandi Ta Kwana Tsaye Ta Wayi Gari A Durƙushe: A Gyara Iskar Ko A Koma Sifirin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Marsandi S500 ƙirar 2003, 'yar Beljiyam, shekara shida ke nan tana hannuna. Kwanan nan in na ajiye ta da dare sai in tarar da gaban dama ya kwanta da safe, wani lokaci har jan rubutu ya fito a dashbod cewa mota ta yi ƙasa, in tsaya. Na sa an canza kwamfuresa sau ɗaya, bai yi wata uku ba ya sake mutuwa. Yanzu bakanikena ya ce a cire kayan iskar gaba ɗaya a sa sifirin, wani kuma ya ce in sayo shokazoba 'yan Beljiyam a Fanteka. Wanne zan bi? Mai karatu daga Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da kwamfuresan da ka binne, domin ba shi ne mai laifi ba. Aiki ne ya kashe shi.

Motarka ita ce wadda Marsandi ke kira W220, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, tsarin iskarta kuma sunansa Airmatic. A kowace ƙafa akwai shokazoba mai ɗauke da jakar roba cike da iska, ita ce ke tallafe da nauyin motar a madadin sifirin na ƙarfe. Kwamfuresa, wanda ke ɓoye bayan bamba ta gaba wajen dama, shi ke hura iskar. Akwai tanki mai ajiye ta, akwai akwatin bawul mai raba ta zuwa ƙafafu ta siraran tiyo, sannan sensa uku masu auna tsayin mota, biyu a gaba, ɗaya a baya. An yi kwamfuresan ne don ya ɗan yi aiki ya huta. To idan jaka ɗaya tana yoyo, sensa za ta yi ta faɗa wa kwamfuta cewa mota ta sauka, kwamfuta ta yi ta tayar da shi, ya yi ta zuba ruwa a kwando har ya yi zafi ya ƙone. Ka sa sabo ba ka toshe yoyon ba, shi ma ya bi sahun na farko. Ko na uku ka sa, haka za a yi. Akwai kuma ɗan rile da ke kunna shi, wanda in ya tsufa yakan maƙale ya bar kwamfuresa yana gudu ko da an kashe mota. Shi ya sa duk wanda zai canza kwamfuresa a wannan motar ya kamata ya canza rilen tare, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka kafin ka sayi ko da ƙusa, a gano inda iskar ke fita. Da yamma, a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodin da ke samanta, a rubuta. A cire fiyus ɗin tsarin iskar don kada motar ta gyara tsayinta da kanta cikin dare, da safe a sake aunawa. Ƙafa ɗaya ce ta sauka? Zargi ya hau kan jakarta ko tiyonta. In kuwa ɓangarori da yawa ne suka sauka tare, a duba akwatin bawul. Daga nan sai ruwan sabulu: a buɗe bonet a fesa a kan shokazoban gaba, inda tiyo ya shiga. W220 ta yi ƙaurin suna a daidai wannan wurin, baƙin dankon da aka liƙe kan da shi yakan tsage, kumfa ta taso. Idan nan ne kawai, akwai kayan gyaran kan da ake sayarwa daban, ba sai an jefar da shokazoba duka ba. Amma mota mai shekara ashirin da ɗoriya, galibi robar jakar ce ta tsattsage a wurin da take naɗewa, kuma za ka ga yoyon ya fi tsanani da sanyin safiyar hunturu, lokacin da roba ke ƙandarewa. A ƙarshe a jona ta da kwamfutar Marsandi ta gaske, wadda ake kira Star, ba ƙaramar na'urar da ke karanta inji kaɗai ba.

Shawarar 'yan Beljiyam kuwa, ni ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Ƙofa, gilas, fitila, ko da giya, ka saya na hannu a Fanteka ko Kofar Ruwa ba laifi. Jakar iska roba ce, roba kuma shekaru ke cin ta, ba tafiya kaɗai ba. Duk shokazoban asali da aka ciro daga W220 ko dai ta girmi taka, ko sa'arta ce, ko ƙanwarta da shekara biyu kacal, ga zaman da ta yi a kwantena da rana ba iska a ciki. Mai shago zai hura ta a gabanka ta tsaya, ba ƙarya ya yi ba, amma tsayuwar minti biyar a shago daban, ɗaukar motar da ta kusa tan biyu a ramukan hanyar Zariya daban.

Hanya biyu ce ta rage. Ta farko, a gyara iskar yadda ya kamata: sababbin shokazoba daga kamfanonin da aka sani da wannan aikin, irin su Bilstein na Jamus ko Arnott na Amurka, kuma a canza biyu-biyu, dama da hagu tare, domin wadda ba ta fashe yau ba tana kan hanya. A haɗa da kwamfuresa da rile da matatar iskar da yake shaƙa, wadda ƙurarmu ke toshewa. A ba mai sayarwa lambar shasi kafin a biya, don na gaban 4MATIC, wato mai jan ƙafa huɗu, ba iri ɗaya ba ne da na mai jan baya kawai. Ka kuma tabbatar motarka ta iska ce: S600 da S55 da wasu S500 suna da wani tsari mai aiki da man haidurolik maimakon iska, ana kiransa ABC, kayansa ba sa shiga juna da na Airmatic. Wannan hanyar tana da tsada, kuma ko an gama na gaba, ka sa a ranka na baya na nan tafe. Amma ita ce ke bar maka motar da ka saya: laushin tafiyar nan, daidaita kanta in an cika but da kaya, da maɓallin da ke ɗaga ta kusan inci guda in za a hau tudun ƙofar gida.

Ta biyu ita ce ta bakanikenka, kuma bai yi saɓo ba. Akwai cikakkun kayan sauyi da aka ƙera musamman don W220, shokazoba huɗu masu sifirin na ƙarfe, da ɗan akwatin lantarki mai hana gargaɗin dashbod fitowa. Da an sa su, zancen durƙushewa ya ƙare. Abin da za ka rasa shi ne duk abubuwan da na lissafa a sama, tafiyar za ta ɗan yi tauri, kuma mai saye gobe zai iya rage mata daraja. Abin da nake tsoro a nan shi ne aikin dabara: a ɗauko sifirin wata mota a yanka a yi walda a cusa. Wannan babbar mota ce mai injin V8, in ƙarfin sifirin bai dace da nauyinta ba za ta riƙa tangaɗi a kwana, taya ta cinye gefe ɗaya, burki ma ya sauya hali. In sauyi za a yi, a yi duka ƙafa huɗu da kayan da aka yi dominta, a kai ta alaimen bayan nan.

Da ni ne kai, abin da zan duba shi ne aikin da motar ke yi mini. In ita ce ta kullum, kana zuwa Kano da Abuja da ƙauye inda ba mai kwamfutar Star, sifirin ya fi maka kwanciyar hankali. In kuwa ta Juma'a da biki ce, inji da giya lafiya lau, jikinta ba tsatsa, to ka kashe mata kuɗin iskar, don ita ce ta sa ake kiranta S-Class.

Ko wanne ka zaɓa, ka ja kunnen yaran gareji: kada kowa ya shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙarfe, motar iska tana iya sauka ba sallama. Kuma in sababbin jakunkuna aka sa, kada a sauke ta daga jak suna wayam, a fara hura su tukuna, in ba haka ba robar za ta naɗe ba daidai ba ta lalace tun ba a fita gareji ba. Kafin a yi aikin, duk sanda jan rubutun nan ya fito ka tsaya, domin taya na iya gogar bodi da zarar ka karya sitiyari.