Ta yaya ake sanin wa'adin magani tun kafin lokacin ya yi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin harhaɗa magunguna, daga Unguwar Rimi a Kaduna. Ina sha'awar aikin gwajin ƙarkon magani, amma abu ɗaya ya ɗaure min kai. Ta yaya kamfani zai buga wa sabon magani wa'adin shekara biyu alhali bai zauna ya jira shekara biyun ba?

Amsa: Ƙanwata, tambayarki ta taɓa zuciyar aikin. Ana jira, amma ana kuma tsufar da maganin da gangan. Muna da na'urori masu kama da firiji, sai dai zafi da laima suke riƙewa. A ɗaya ana ajiye maganin a digiri 40 da laima kashi 75 cikin ɗari har wata shida. Zafi yana hanzarta lalacewa: ƙarin digiri 10 kan ninka saurinta kusan sau biyu, wani lokaci ma fiye. Da wannan ake hasashen farko. A ɗayar kuma ana ajiye shi a digiri 30 da laima kashi 75, yanayin da aka ware wa ƙasashe masu zafi da damshi irin Najeriya, kuma shi hukumar NAFDAC take bi. Nan ake ciro samfuri a wata na 3, na 6, na 9, na 12, na 18, na 24, a auna. Idan wannan gwajin dogon zango ya saɓa wa hasashe, gwajin ake bi.

Abin da ake aunawa ya wuce ƙarfin sinadari. Ana duba ko ƙwayar ta sauya launi, ko ta yi taurin da ba za ta narke a ciki da wuri ba, ko wani baƙon sinadari ya tsiro daga rubewarta. Buɗe tsohuwar kwalbar asfirin da ta sha damina, za ki ji wani warin tsami mai hawa hanci. Laima ce ta raba sinadarin gida biyu. Shi ya sa ma maganin amoksisilin na yara yake zuwa a gari: da zarar an zuba ruwa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon abin da aka rubuta a jiki.

Ɓangaren haɗi kuwa kamar girki yake, da ma'auni mai tsanani. Sinadarin warkarwa sau da yawa ɗan kaɗan ne a cikin ƙwaya, sauran sitaci ne da abin ɗaurewa da abin sulɓi da ke hana ta mannewa a inji. Abin sulɓin nan in ya yi yawa, ƙwayar za ta yi kyau a ido amma ta ƙi shan ruwa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an daɗe ana bincike kan sitacin rogo da dawa da gero don wannan aiki, kuma a ganina fage ne da ya kamata 'ya'yanmu su shiga da ƙarfi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan gwajin. Wa'adin da muke bugawa yana da sharaɗin ajiya. Ki shiga wani kyamis mai rufin kwano a watan Afrilu, ki taɓa kwalin da ke saman kanta, za ki ji shi da ɗumi. Allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa, yawancinta tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. In ta daɗe a zafi ƙarfinta yana raguwa, ungozoma kuma ba za ta gani da ido ba.

In kina son aikin, ki riƙe ilimin sinadarai da lissafi da kyau, ki koyi sarrafa na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin magani ta auna yawansu, tun kina makaranta. Ki saba rubuta kowane awo nan take, da kwanan wata da sa hannu, domin a wannan aiki abin da ba a rubuta ba ana ɗaukarsa ba a yi ba. NAFDAC tana da ɗakin gwaje-gwaje a nan Kaduna, ki nemi yin horon aiki a can in dama ta samu. Allah Ya ba da sa'a.