Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ke dawowa da abincin makaranta bai taɓa ba

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da warhaka. Wannan muryar amsa ce ga 'yar'uwarmu da ta yi tambaya jiya da daddare, amma na ga gara in sako ta nan, don na san ba ita kaɗai ke fama da wannan ba. Ku yi haƙuri, za ta ɗan ja.

Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi ɗanta shekararsa 6, yana da lalurar galahanga, wato otizim, kuma bana ya shiga aji ɗaya. Likita ya tabbatar yana da alajin madara, wato jikinsa na faɗa da ita, an hana shi sha. Shi kuma da ma abin da yake yarda ya ci bai wuce kala biyar ba, sannan kullum yadda ta zuba masa abinci a fulas haka yake dawowa da shi. Sai wata ta ba ta shawara ta cire masa alkama ma gaba ɗaya, wai zai fara magana. Shi ne take tambaya, ta cire ko kar ta cire.

To 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki lada. Amsata ita ce kar ki cire tukuna. Kuma ki sani ba don ban san abin ba nake faɗa, ni da kaina 'yata ba ta cin alkama. Amma ita gwaji aka yi mata aka ga tana da ciwon siliyak, wanda sinadarin gulutin na cikin alkama ke lalata wa mutum bangon hanji. Ciwo ne da ake samu a kusan mutum 1 cikin 100, mai galahanga da marar ita. Da muka cire, ciwon cikinta ya lafa, barci ya gyaru, kuka ya ragu, ta fara zama a aji. Wanda ya gan ta sai ya ce ai ga shi nan, alkamar ce. A'a. Yaron da cikinsa ya daina ciwo dole ya natsu. Galahangar tana nan yadda take, ciwon da ke kanta ne aka sauke.

Maganar cewa cire alkama da madara yana maganin otizim, an gwada ta. A jami'ar Rochester da ke Amurka an yi wani bincike da aka fitar a 2016, aka ɗauki yara 14 aka sa su a kan abincin da babu gulutin babu kesin, wato sinadarin madara. Daga baya aka riƙa ba su abin ci da aka saka sinadaran a ɓoye, wani lokaci kuma babu komai a ciki, iyaye ba su sani ba, masu lura da yaran ma ba su sani ba. Ba a ga wani bambanci ba, ko a barci, ko a halayya, ko a bahaya. Yaran ba su da yawa, gaskiya ne, amma hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ita ma tun 2013 ta ce kada a yi amfani da irin wannan hanin abinci da sunan maganin galahanga. Idan kina zargin alkama na damun cikinsa, zawo ko kumburin ciki ko rashin girma, ki kai shi a yi masa gwajin jinin siliyak. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: ana yin gwajin ne yaro yana kan cin alkamar. Idan kika riga kika cire, sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan.

Sannan ki yi lissafi mana. Yaron da ke cin kala biyar, an riga an ɗauke masa madara. In har cikin biyar ɗin nan akwai burodi da taliya, kuma na san da wuya a ce babu, kika cire alkama me ya rage? Uku. Wannan ne abin tsoron, ba alkama ba. Likitoci sun sha rubuta labarin yara masu galahanga da abincinsu ya ƙuntata har suka kamu da ƙarancin bitamin C, dasashi na jini, ƙafa na ciwo, yaro ya ƙi taka ƙasa, a yi ta neman ciwon ƙashi. Wasu kuma ƙarancin bitamin A ya taɓa musu ido.

Madarar kuwa, wannan babu wasa a cikinta. Alaji daban, rashin narkar da sukarin madara daban. Mai alaji da furotin ɗin madarar jikinsa ke faɗa, saboda haka madarar da aka rubuta an cire mata laktos, wato sukarin madara, ba ta yi masa ba, furotin ɗin na ciki. Ta akuya da ta tunkiya ma yawancin masu alajin ta saniya ba sa jure su. Kuma tana ɓuya a biskit, cakulan, bota, kek, har wani burodin. Ki riƙa karanta bayan leda kowane saye, ko da kayan da kika saba ne, don kamfani kan sauya haɗi ba sanarwa. Abin da zai rasa kuma shi ne kalsiyam. A ƙa'idar Amurka yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 na buƙatar miligiram 1,000 a rana, kofin madara ɗaya kuma na ba da kusan 300. Kin ga ramin da ya buɗe. Ki nemi a haɗa ki da masanin abinci na asibiti, shi zai faɗa miki ko madarar waken suya da aka ƙara wa kalsiyam ta dace da shi, ko sai an ba shi na sha haɗe da bitamin D. Yara da yawa alajin madara na sakinsu in sun girma, amma gwada hakan aikin likita ne, ba a yi a gida.

Yauwa, sai makaranta. Nan ne nake son in daɗe, don nan ne ainihin damuwarki.

Kafin ki ce ya ƙi ci, ki nemi sanin yadda lokacin tara yake a ajinsu. Ki roƙi malamarsa ta lura miki, ko ki nemi izini ki je ki tsaya daga nesa. Za ki sha mamaki. Yara talatin sun buɗe abinci lokaci ɗaya, kowa da ƙamshin nasa, ga hayaniya, ga jan kujeru, ga ƙararrawa. Mu muna iya toshe kunne da hanci mu ci abinmu. Shi komai shigarsa yake yi lokaci guda, kamar an kunna masa rediyo goma a ɗaki ɗaya an ce ya saurari guda. Wani yaron kuma matsalar ƙarama ce har ta ba ki haushi: murfin fulas ɗin ne ya gagare shi, kuma ba zai iya cewa a buɗe masa ba. Wani kuma abincin ne ya canza. Abin da kika zuba da safe yana ƙaras-ƙaras, kafin tara tururi ya jiƙa shi ya yi laushi. A wurinki abinci ɗaya ne, a bakinsa wani abu ne daban da bai sani ba. Ko miya ta taɓa shinkafa, shi ke nan an gama.

To abin da za ki nema ba shi da yawa. A ba shi wuri guda da zai riƙa zama kullum, can gefe, ba tsakiyar aji ba. In zai yiwu ya fara ci 'yan mintuna kafin sauran su buɗe nasu. Ki sayi kwano mai gida-gida don kada abinci ya haɗu, kuma ki koya masa buɗe shi a gida har ya iya. Ki yi masa katin hotuna: wanke hannu, buɗe kwano, ci, sha ruwa, rufewa, wasa. Yaranmu sun fi gane abin da ido ya gani a kan abin da kunne ya ji, kuma in ya san me ke biye da me hankalinsa ya fi kwanciya.

Kuma don Allah, makaranta ba wurin gwada sabon abinci ba ce. Abin da kika tabbatar yana ci shi za ki zuba, ko da kullum abu ɗaya ne, ko da wata uwa za ta leƙa ta taɓe baki. Bar ta ta taɓe. Yaron da ya wuni da yunwa ba zai koyi karatu ba, kuma ihun da yake yi bayan tara, da ake ce miki rashin ji ne, sau da yawa yunwa ce. Wasu yaran ma ba sa gane alamar yunwa ko ƙishi a jikinsu yadda muke ganewa, sai dai kawai ki ga sun birkice. Shi ya sa maganar nan ta “ƙyale shi, yunwa za ta sa ya ci” ba ta aiki a kansu. Wani zai kwana biyu bai ci ba, kuma ba taurin kai ba ne. Tun 1943 da likita Leo Kanner ya fara bayanin lalurar galahanga a kan yara 11, ya ambaci wahalar ciyarwa a cikinsu. Ba ke kika lalata shi ba.

Batun alajin kuma, kar ki tsaya a faɗa da baki a bakin ƙofa. Malama na da yara da yawa a kanta, kuma ranar da ba ta zo ba fa? Ki rubuta takarda shafi ɗaya da hotonsa a sama: abin da aka hana shi, alamomin da za a gani, abin da za a yi, lambar wayarki da ta babansa. Ki ba malamar aji, ki ba hedimasta, ki ba mai kula da su a lokacin tara. Ki rubuta alamomin dalla-dalla, domin shi ba zai ce maƙogwarona na ƙaiƙayi ba: kumburin leɓe ko ido, borin jini, amai, tari, numfashi mai ƙara, ko ya yi laƙwas farat ɗaya. Idan likita ya rubuta masa allurar adirenalin, wato ta gaggawa in alajin ya tashi da ƙarfi, a ajiye ta inda hannu zai kai, ba a kulle a ofis ba, a nuna wa malamai yadda ake yin ta a gefen cinya, kuma ko ya warware bayan allurar sai an kai shi asibiti. Ki yi musu maganar ranar da wani yaro zai kawo kek na murnar haihuwa, da alewar da malamai kan bayar in yaro ya yi ƙoƙari. Ki ajiye wa malama ɗan abin da ya halatta gare shi, in ana rabo a ba shi nasa, kada ya zauna yana kallon bakin mutane.

A gida ne za ki yi aikin faɗaɗa abincin, a hankali, ranar da ba ku gaji ba. Ki fara daga abin da yake so ki matsa taku ɗaya kacal. In soyayyen dankali yake ci, gobe ki yanka shi wata siffar. In ya karɓa, ki gasa maimakon suya. In ya karɓa, ki kawo wani dankalin mai launi daban. Ki ɗora ɗan ƙanƙanin sabon a wani faranti kusa da nasa, ba tare da kin ce ci ba. Ya kalla ma ci gaba ne. Ya taɓa, ya shinshina, ya lasa ya tofar, duk ci gaba ne. Ko yaran da ba su da lalura sukan buƙaci ganin abinci sau 10 zuwa 15 kafin su karɓa, balle namu. Ɗure kuwa, ko ɓoye magani da ganye a cikin abincin da ya amince da shi, ina roƙonki ki bari. Harshensu na gano abin da namu ba ya ganowa, kuma in ya kama ki sau ɗaya zai iya yafe abincin gaba ɗaya, biyar ta koma huɗu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne bahaya. Taurin bahaya ya yi yawa a yaranmu. Da yawansu ba sa yarda su shiga banɗakin makaranta, sai su riƙe, su ƙi shan ruwa. Cikin da ya cushe kuwa ba ya karɓar abinci. Ki lura sau nawa yake yi a mako, da wahala ko babu, ki faɗa wa likita. Haka in yana shan wani magani ki tambaya, don risferidon, da ake ba wasu yaran don rage fushi, na ƙara sha'awar abinci ya sa ƙiba, maganin rashin natsuwa irin metilfenidet kuma na kashe sha'awar abinci, musamman da rana, daidai lokacin makaranta.

Idan kika ga yana ramewa, ko abincin na ƙara raguwa, ko ya yi fari fat, ko yana cin ƙasa da takarda, kar ki jira ranar da aka ba ku a asibiti. Akwai lalurar ƙin abinci da likitoci suka ba suna ARFID a 2013, ana duba ta, kuma masu koyar da magana ma suna duba tauna da haɗiya.

Au, na kusa mantawa. Masu bin mu ta akwatin saƙo da gwajin gashi, ko gwajin jinin da zai fito miki da jerin abinci talatin wai duk yaro na da alajinsu, ki yi hankali da su, ƙungiyoyin likitocin alaji ba su yarda da waɗannan gwaje-gwajen ba. Mafi muni shi ne wani ruwa da ake kira MMS, wai yana wanke hanji ya warkar da otizim. Bilic ne, irin sinadarin da ake farar da kaya da shi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta sake gargaɗi a kansa a 2019. Admin, duk wanda ya kawo tallarsa nan don Allah a goge.

'Yar'uwa, ki turo mini kala biyar ɗin nan da yake ci, da yadda kike dafa kowanne, da ƙarfe nawa suke fita tara. In na gani zan faɗa miki wanda nake ganin zai jure zama a fulas, sannan in turo miki hoton takardar da na rubuta wa makarantar 'yata ki sauya ta da bayanin naki. Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon kula da su. Sai na ji ki.