Yadda aka haɗa gadar Zambezi a sama ba tare da tokari ba

Ka tambaye ni yadda aka ɗora gadar jirgin ƙasa a kan kwazazzabon da ke ƙasan magangarar ruwa ta Victoria, tsakanin Zambiya da Zimbabwe, alhali babu inda za a kafa ginshiƙi a tsakiya. To yaro, ajiye guduma ka saurara.

Daga dogo zuwa ruwa mita 128 ne, ga kogin Zambezi yana ambaliya a ƙasa, saboda haka maganar tokari ba ta taso ba. Ka taɓa ganin magina suna ɗaure bakan gizo a soro? Azara na fitowa daga bangon nan, wata daga wancan, kowace an danne gindinta, har su gamu a sama. Haka injiniya George Hobson ya tsara ta, baka guda mai faɗin mita 156 da rabi. Kamfanin Cleveland Bridge ya ƙera ƙarafan a Darlington ta Ingila, aka sauke su a tashar ruwa ta Beira da ke Mozambik, jirgin ƙasa ya kawo su bakin kwazazzabon.

Sai matsalar tsallakar da rabin kayan. Roka suka harba da siririyar igiya, da ita aka ja waya, da wayar aka ja igiyar ƙarfe mai kauri, kaya suka riƙa tsallakawa a rataye. Kowane rabin baka kuma aka ɗaure shi ta baya da igiyoyin ƙarfe da aka zura cikin dutse, yana ƙara miƙewa kan rami. Babu walda fa. Ƙusa ake gasawa ta yi ja, a zura a huda, a dake kanta, in ta huce ta matse ƙarafan gam.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Da rabi biyun suka iso juna da yamma, sai aka tarar sun hau kan juna da inci ɗaya da ɗoriya. Da irinku ne, da tuni an ɗauko zarto. Su ko ba su yanke komai ba, don sun san ƙarfen ya wuni yana shan rana, ya miƙe. Da ya kwana cikin sanyi ya tsuke, da sassafen 1 ga Afrilu 1905 hudoji suka yi daidai, aka ɗaure. Har yau gadar na numfashi haka, shi ya sa ƙafafun bakan suke zaune a kan manyan ƙusoshi masu juyawa, ba a kafe su ƙam ba.

An buɗe ta a Satumbar 1905, bayan aikin wata 14. Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka da ya nace a gina ta inda feshin ruwan zai riƙa taɓa taragai, ya mutu tun 1902, bai gan ta ba.

Ƙofar nan da ka auna jiya da azahar, gobe da safe ka sake sa mata tef kafin ka kunna injin walda.