Amsa ga ƙanwata mai son zuwa Ingila ta ci da alƙalami

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce littattafanki uku na soyayya sun karɓu a WhatsApp, shi ne kike so ki sayar da filinki na gado ki zo Ingila karatun rubuta ƙagaggun labarai, ki zama kamar Barbara Cartland, shahararriyar marubuciyar soyayya ta Ingila. To, gyara zama.

Ita Cartland kishingiɗa take yi a kujera tana faɗa, sakatariya na rubutawa, har ta tara littattafai 723. 'Yarta ma mahaifin Gimbiya Diana ta aura. Wannan ba sa'ar yinmu ba ce. Wadda nake so ki sani ita ce marubuciya Catherine Cookson, don a yankinsu nake zaune, arewa maso gabashin Ingila.

An haife ta a 1906 a Tyne Dock, unguwar 'yan dako a South Shields. Ba da aure aka same ta ba, sai aka rufa asiri, ta tashi a hannun kakarta tana ɗaukar uwarta a matsayin yayarta. Tun tana ƙarama ta bar makaranta ta shiga aikatau, daga nan ta koma wanki a gidan gajiyayyu na gwamnati. A 1929 ta yi kudu, garin Hastings, nan ma wankin ne, sai dai ita ce shugaba. Ta auri malamin makaranta, Tom Cookson, a 1940. Ɓari huɗu ta yi, ciwon damuwa ya kwantar da ita shekara da shekaru, kuma don ta samu sa'ida ta kama rubutu. Littafinta na farko, Kate Hannigan, sai a 1950 ya fito, ta haura arba'in.

Abin lura, tana zaune a Hastings amma ba Hastings take rubutawa ba. Lungunan da ta baro take kawowa, da shan giyar magidanta, da gorin da ake yi wa ɗan da ba uba. Ta bar littattafai wajen ɗari kafin ta mutu a 1998, kuma shekara 17 a jere babu marubucin da aka ari littattafansa a laburaren Birtaniya kamarta. Ko sunan marubuciyar soyayya ba ta so a kira ta da shi.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa mai littafin Cookson ɗaya, irin mai manyan baƙaƙe, bangonsa duk ya sha salatif. Idan na kai mata shayi sai ta ɗora yatsa kan sunan wani titi ta ce nan uwarta ke shanya. Masu yi miki haka suna Kano da Gusau da Maraɗi, su ne suka san zafin kishiya da rigimar lefe. A nan wa za ki ba labarin uwar miji ya ji a jikinsa?

Ga kuma maganar biza, wadda dillalan makarantu ba sa son faɗa. Ɗalibi awa 20 kacal aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma an hana shi sana'ar kansa. Sayar da littafinki da kanki yana cikin abin da zai iya jawo miki matsala. Tun Janairun 2024 kuma, mai digiri na biyu irin na zaman aji ba ya zuwa da miji ko 'ya'ya. Yaranki biyu fa?

In Turancin ne ke ranki, kamfanin buga littattafan soyayya mai suna Mills & Boon yana karɓar rubutu ta intanet ba sai da wakili ba, daga ɗakinki za ki tura. In digirin kike so don koyarwa, wannan magana ce daban, sai mu nemi tallafin karatu. Filin dai kada ki taɓa shi sai kun zauna da Yaya.

Ki turo mini na ukun nan, an ce a ciki ne amarya ta gudu ranar kamu. Ina aikin dare wannan makon, zan samu lokacin karantawa. A gaida Inna da yara.